Agana Ta Mutu, Kada Mu Binne Labarinta

Malamanmu da 'yan'uwanmu 'yan makaranta, mu da muka fito daga ƙasar Gaya da Ajingi muna roƙo ku ba mu aron hankalinku kaɗan, mu yi maganar wata cuta wadda mu 'yan makaranta ba mu taɓa gani da idonmu ba. Sunanta agana, waɗansu kuwa suna ce da ita 'yan rani. Yau in ka shiga ajin yara a Kademi ko Toranke ka tambaya mece ce agana, da wuya ka sami mai ɗaga hannu. Wannan abin godiya ne ga Allah, gama yaro ba ya sanin sunan abin da bai taɓa shiga gidansu ba. Amma fa akwai hatsari a ciki, don wanda ya manta da zafin cuta shi kan raina abin da ya raba shi da ita. Ra'ayinmu shi ne, wajibi ne ga duk wanda zai fita kwalejin nan da sunan malami ya san labarin agana, ya kuma koyar da shi, domin babu hujjar da ta fi shi ƙarfi a gaban uban da ya hana a yi wa ɗansa allurar rigakafi.

Bari mu fara da kamanninta. Mutum yakan shaƙi cutar daga numfashin mai ita, ko ya ɗauka daga tufafinsa da shimfiɗarsa. Sai ya yi kamar kwana goma sha biyu yana harkokinsa, bai san yana ɗauke da kome ba. Sa'an nan zazzaɓi mai zafi ya sauko masa, da ciwon kai, da ciwon baya kamar an sare shi. Bayan kwana biyu ko uku ƙuraje su feso, su fara daga cikin baki da fuska, su bi hannuwa da ƙafafu har tafin hannu da tafin ƙafa. Nan ne ta bambanta da ƙarambau, wanda ya fi yawa a ƙirji da baya. Ƙurajen su ciko da ruwa, su yi mugunya, in da sauran kwana su bushe su yi ɓawo, ɓawon ya zube bayan mako uku ko huɗu. Irin mai tsanani takan kashe mutum uku cikin goma. Wanda ya tashi kuwa, galibi ya tashi ke nan da zanzana a fuska har ranar mutuwarsa, waɗansu kuma ta tafi da idanunsu. Ba ta da magani, tun daga farkonta har ƙarshenta ba a taɓa warkar da ita da sassaƙe ko da ƙwaya ba. Sai dai tana da wata ɗabi'a guda wadda daga baya ta zama ajalinta: wanda ta kama sau ɗaya ba ta komo masa, kuma ba ta zama a jikin kowace dabba sai ɗan Adam.

Tsohuwar cuta ce ƙwarai. An duba gawar wani Fir'aunan Masar, Ramsis na 5, wanda ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, an ga tabo irin nata a fuskarsa. Babban likitan nan na Musulmi, Abubakar ar-Razi, wanda ya yi aiki a Bagadaza ya rasu wajen 925, ya wallafa littafi musamman don rarrabe agana da ƙyanda, Turawa suka fassara shi suka yi ta karatunsa ƙarni bayan ƙarni. A 1520 ta shiga ƙasar Meksiko tare da jiragen mutanen Sifen. Mutanen ƙasar ba su taɓa saninta ba, saboda haka ta yi musu shigar wuta a busasshiyar ciyawa, ta kashe sarkinsu da mayaƙansu, a 1521 babban birninsu ya faɗi hannun baƙi. A Turai kuwa, cikin ƙarni na 18, an ƙiyasta tana kashe mutum 400,000 kowace shekara, kuma kusan sulusin makafinsu ita ta makantar da su. Ba ta san gidan sarauta ba: ita ta kashe Sarauniyar Ingila Mary ta 2 a 1694, da Sarkin Faransa Luwi na 15 a 1774. Cikin ƙarni na 20 kaɗai, an ƙiyasta ta kashe mutum miliyan 300, watau ta fi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ɓarna in an haɗa su, nesa ba kusa ba.

To, ina ruwan Gaya da Ajingi da wannan? Ai cuta hanya take bi, Gaya kuwa garin hanya ne tun fil azal. Tarihin Kano ya nuna maƙeran da suka fara zama gindin Dala, watau Abagayawa, daga Gaya suka taso neman tama. Ta nan fatake da malamai da almajirai suka riƙa bi tsakanin Kano da Barno, ta nan kuma masu niyyar Makka da ƙafa suka riƙa miƙewa gabas. Hanyar da ta kawo kanwa da littattafai, ita ce ta kawo agana. Sunan nan 'yan rani ma darasi ne. Da an gama girbi, hunturu ya shigo, sai mutane su motsa: 'yan cin rani su tafi birni, almajirai su bi malamansu, a yi ta bukukuwan aure, kasuwanni su cika. Ƙwayar cutar kuma ta fi daɗewa da rai a busasshiyar iska. Mutum guda ya ɗauko ta a kasuwar Wudil ran Juma'a, ya koma ƙauye lafiya lau, bayan mako biyu ya kwanta, bayan wata guda rabin yaran unguwa sun kwanta. In ta wuce sai ta yi shekaru ba ta dawo da ƙarfi ba, har a haifi waɗansu yaran da ba ta taɓa ba, sa'an nan ta komo ta yi girbinsu. Ku dubi abin da ke cikin wannan: gandun da ya rasa majiya ƙarfi, budurwar da zanzana ta kashe wa kasuwa, yaron da aka miƙa wa sanda da ƙoƙon bara yana ɗan shekara bakwai.

Akwai masu cewa rigakafi dabarar Turawa ce, baƙuwa ce a ƙasar baƙar fata. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tun kafin Turawa su san kome a kai, mutanen Afirka da Indiya da Sin da Turkiyya suna da wata dabara. Akan ɗebi ruwan ƙurji daga wanda aganarsa ta zo da sauƙi, a yi wa mai lafiya 'yar tsaga a hannu, a shafa masa. Sai ya yi ciwon sama-sama, ya warke, ba ta sāke kama shi ba. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ya bar Kano a 1851 ya ratsa ƙasar Margi, ya tarar suna yin haka. A birnin Boston na Amurka kuwa, wani bawa ne da aka kamo daga Afirka, wanda suka laƙaba wa suna Onesimus, ya nuna wa ubangidansa tabon hannunsa ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. Da annoba ta faɗa wa birnin a 1721 aka gwada. Cikin mutum kusan 5,900 da suka kamu ta hanyar da aka saba, 844 suka mutu, watau ɗaya cikin bakwai. Cikin mutum 240 da 'yan kai da aka yi wa tsaga, 6 kaɗai suka mutu. Ashe a wannan fage baƙar fata ne malami, Bature ne ɗalibi.

Amma dabarar tana da aibi biyu. Tana kashe ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma wanda aka yi wa yana iya shafa wa waɗansu agana sosai. Wanda ya gyara wannan shi ne wani likitan ƙauye a Ingila, Edward Jenner. Ya ji masu tatsar nono suna cewa wadda ta ɗauki ƙurjin nan na hantsar saniya, agana ba ta kama ta. Ran 14 ga Mayu 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin daga hannun wata mai tatsa, ya sa wa wani yaro ɗan shekara takwas. Daga baya ya gwada shi da agana, ba ta kama ba. Wannan shi ne asalin abin da kakanninmu suka kira lamba. Ku lura, shi ma Jenner daga bakin talakawa masu kiwo ya ji, abin da ya ƙara shi ne gwaji da rubutawa.

Tambayar da ta kamata mu yi ita ce: in an sami lamba tun 1796, me ya sa agana ta kai har 1970 tana kisa a Nijeriya? A zamanin Turawa an kafa dokar lamba, En'e ta ɗauki malaman lamba suna zaga ƙauyuka, amma abin bai ci ba. Dalili na farko, ruwan lambar ba ya jimre zafi. Kafin a kai shi ƙauye a kan doki ko keke, sau da yawa ya riga ya mutu, sai a tsaga wa mutum hannu a banza, agana ta zo ta kama shi, maƙwabta su ce ga amfanin lambar nan. Dalili na biyu, ta zo da fuskar mulki. Talakan da ya saba ganin baƙon hukuma ba ya zuwa sai don haraji ko jangali ko aikin tilas, yaya zai miƙa hannun ɗansa da daɗin rai? Saboda haka a wurare da yawa, da an ji mai lamba ya sauka sai a ɓoye yara, mai ciwo kuma a rufe shi a ƙuryar ɗaki kada hukuma ta ji.

Abin ya sāke ne bayan da aka iya busar da ruwan lambar ya zama gari, wanda zai yi wata guda cikin zafi bai lalace ba. A Yaba ta Ikko ma an yi ta sarrafa lambar agana. A 1958 wakilin Rasha ya kawo shawara gaban taron Hukumar Lafiya ta Duniya a haɗa kai a kawar da cutar ɗungum, aka amince a 1959, amma aikin bai kankama ba sai 1967. A shekaran nan ana ƙiyasin mutum miliyan 10 zuwa 15 ke kamuwa a duniya, wajen miliyan 2 suna mutuwa. Aka haɗa ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya cikin shiri guda, har da Nijeriya da Nijar, da taimakon Amurka. Aka kawo wata na'ura mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa tana harba lambar cikin fata ba tare da tsinin allura ba, mutum ɗaruruwa cikin sa'a guda. Dattawan da suka haura shekara sittin da yawansu sun tuna ta. A Arewa kuwa ta hannun sarakuna aka bi: sarki ya umurci hakimi, hakimi ya umurci dagaci, dagaci ya tara masu unguwanni, sanƙira ya yi shela, jama'a su hallara a ƙofar fada ko bakin kasuwa. A shekaran nan ta 1967 aka kafa Jihar Kano, a cikinta kuma yaƙin basasa ya tashi, duk da haka aikin bai tsaya ba. Kafin ƙarshen 1969 an yi wa mutum miliyan 100 lamba a ƙasashen nan 20.

Har wa yau a Nijeriya aka gano dabarar da ta ƙarasa cutar. A Disamba 1966 agana ta ɓulla a ƙasar Ogoja, lambar da ke hannu kuwa ba ta isa kowa ba. Wani likita Ba'amurke, William Foege, ya aika a bincika ƙauye ƙauye a gano inda masu ciwon suke. Sai ya yi wa mutanen gidajensu lamba, da maƙwabtansu, da kasuwannin da suke ci, da garuruwan da danginsu suke. Cutar ta nemi wanda za ta kama ta rasa, ta mutu a wurin. Manominmu ya san wannan hikima, gama in gobarar daji ta taso ba ya bin harshen wuta da guga, share ciyawar da ke gabanta yake yi. Amma dabarar ba ta aiki sai an sami mai faɗin gaskiya, watau mai gida ya ce ga mai ciwo a gidana, mai unguwa ya kai labari da wuri. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Aka bi ta da wannan dabara har Indiya da Bangaladash da Habasha. Na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa cikin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka na Somaliya, a Oktoba 1977. Tsoron allura ne ya sa ya kauce wa lamba. Ya warke, daga baya ya shiga aikin rigakafin shan inna yana ba iyaye labarin kansa, yana cikin aikin ya rasu a 2013. Ran 8 ga Mayu 1980 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi shelar agana ta ƙare. Ita ce cutar ɗan Adam guda ɗaya tak da aka taɓa kawarwa daga doron ƙasa.

Yanzu sai mu saurari masu ja, don ba wawaye ba ne, iyayenmu ne da ƙannen iyayenmu. Waɗansu suna cewa ciwo da lafiya na Allah ne, yi wa mai lafiya allura kamar gaba da ƙaddara ne. Muna amsa musu da ladabi cewa zamanin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya ji labarin annoba sai ya shawarci sahabbai ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya yi wa gonarsa shinge bai yi jayayya da mai ba da abinci ba.

Waɗansu kuwa cewa suke, ba mu amince da masu kawo ta ba. Wannan magana tana da tushe, kada mu yi musunta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, gwajin ya shafi yara 200, 11 suka mutu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma mu dubi abin da tsoron ya haifa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ba a koma ba sai Yuli 2004. Cikin ɗan lokacin nan cutar ta bazu daga Arewa zuwa ƙasashe wajen 20 waɗanda dā sun rabu da ita, yaranmu kuma suka shanye. Da me aka gyara? Da abin da aka gyara na agana: sarakuna da malamai suka shiga gaba, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidajen da suka san su. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Jihar Kano, a Sumaila maƙwabciyarmu aka same shi a Yuli 2014, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da wannan iri.

Masu ja na uku su ne suka fi ba mu tausayi. Suna cewa, zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara, mu je ɗakin shan magani a ce mu saya, amma allurar da ba mu roƙa ba ana bin mu da ita har ɗaka kyauta. Gaskiya suka faɗa, kuma amsar tana wuyan hukuma. Sai dai hana yaro rigakafi ba ya kawo maganin zazzaɓi, ƙara masa maƙiyi na biyu kawai yake yi. Mun gani da mashaƙo, wanda ya ɓarke a ƙarshen 2022 ya yi tsanani a 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, mafi yawansu kuwa yaran da ba a yi musu allura ba ko ba a cika musu ba. Alhali allurarsa tana nan kyauta, sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata na 9.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Da fari, hutun nan mai zuwa kowane ɗayanmu ya zauna gaban tsofaffin gidansu da takarda da alƙalami. A Balare ne, ko Gurduba, ko Shagogo, ko cikin garin Gaya, akwai sauran masu zanzana da masu tabon lamba a damtse, kowace shekara kuwa raguwa suke yi. Mu tambaye su da wane suna suke kiranta, ina ake ajiye mai ita, wa ke jinyarsa, mutum nawa ta ɗauka a gidansu, wa ya tara su ranar da aka zo da bindigar lamba. Mu rubuta da Hausa yadda suka faɗa, mu kawo a ajiye a ɗakin karatu na kwaleji. Mu kuma kiyaye, tabon da ke damtsen yaran yanzu na allurar tarin fuka ne, gama an daina lambar agana tun da cutar ta ƙare.

Na biyu, in mun kama aiki, mu sa labarin nan cikin darasin tarihi da na kiwon lafiya, mu gayyato dattijon da ya gani da idonsa ya yi wa yara bayani, don gani ya kori ji. Na uku, mu koya wa yara da iyayensu cewa kai rahoton ciwo mai yaɗuwa ga mai unguwa ko malamin asibiti ba tonon asiri ba ne, ceton maƙwabci ne. Wannan ya fi muhimmanci yanzu, don ƙyandar biri, wadda 'yar'uwar agana ce, ta sāke ɓulla a Nijeriya tun 2017, lambar da ke kāre tsofaffi daga gare ta kuwa mu ba mu da ita. Na huɗu, muna roƙon hukuma ta tuna abin da tarihi ya nuna sau biyu: tilas da barazana ɓoye yara suke sawa, bayani da mutunci su ke fito da su. A aiko da ma'aikatan da jama'a suka sani, a amsa tambayar mai tambaya ba tare da an raina shi ba, a kuma zuba magani a ɗakunan shan magani na ƙauye, don wanda ka taimaka ranar da ɗansa ke zazzaɓi shi zai buɗe maka ƙofa ranar rigakafi.

Kakanninmu ba su da karatun da muke da shi, amma sun tsaya cikin rana sun miƙa damtse, muka gāji duniyar da babu agana. Abin kunya ne a ce a zamaninmu, mu masu allo da alli, mashaƙo da ƙyanda suna ɗaukar yara a ƙauyukan da muke koyarwa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce rigakafi ya fi magani. Allah ya jiƙan waɗanda agana ta ɗauka, ya sāka wa waɗanda suka yaƙe ta, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amanar yaran da za a danƙa mana, amin.